Yawan Ambato Shi Ne Amfanin Ilimi?

A jami'o'in yau, idan ana son sanin darajar mai binciken ƙwayoyin cuta, kafin a buɗe maƙalarsa ko ɗaya sai a duba lamba: nawa ya wallafa, sau nawa wasu suka ambace shi. Eugene Garfield ne ya fito da kundin ƙirga ambato a 1964, sannan a 2005 Jorge Hirsch ya dunƙule aikin rayuwar mutum cikin lamba guda: mai maƙala 40 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 40, lambarsa 40 ce. Da ita ake samun ƙarin girma da kuɗin bincike. To, hadisin da Imam Muslim ya ruwaito ya sanya ilimin da ake amfana da shi cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa. Shin ambato shi ne wannan amfanin? A ganina ba shi ba ne, kuma fannin kansa ya ishe mu shaida.

A 1884 likitan Danmak Hans Christian Gram ya bayyana hanyar rina ƙwayoyin cuta don a gan su a madubin ƙara girma. Duk lokacin zafi, idan sanƙarau ya ɓarke a ƙasar Hausa, ana ɗebo ruwan ƙashin bayan yaro, a ɗiga a kan gilashi, a zuba rini kala biyu. Idan ƙwayoyin suka fito ruwan hoda, bibbiyu manne da juna kamar ɓarin wake, ma'aikacin ɗakin gwaji ya san abin da zai faɗa wa likita cikin mintuna kaɗan. Rayukan da wannan dabara ta ceta ba su ƙirguwa, amma da wuya ka ga maƙalar yau ta sa takardar Gram cikin jerin waɗanda ta ambata. Ilimin ya zama na kowa har an daina cewa daga wane aka ji. Inda amfani ya kai ƙololuwa, nan ƙirga ta makance.

Ga kuma ɗaya ɓangaren. Didier Raoult na birnin Marseille a Faransa yana cikin masanan ƙwayoyin cuta da aka fi ambata a Turai, kuma ba a banza ba, don ya yi ayyuka na gaske. Amma a Maris 2020 tawagarsa ta wallafa cewa maganin hydroxychloroquine yana rage ƙwayar korona, bisa marasa lafiya 36 kacal, bayan an cire shida daga lissafi, ciki har da wanda ya rasu da uku da aka kai sashen kulawa ta musamman. Babban gwajin RECOVERY na Birtaniya ya nuna maganin ba ya hana mutuwa. Sai a Disamba 2024 mujallar da ta buga maƙalar Raoult ta janye ta, bayan an ambace ta sau dubbai. Da yawa daga cikin masu ambaton ƙaryata ta suke yi, amma kwamfuta ba ta bambance yabo da raddi.

Mai ja zai ce idan aka bar lamba, sanayya da ubangida ne za su raba muƙami, kuma sau da yawa ambato da amfani suna tafiya tare. Yana da gaskiya. Maƙalar Bauer da Kirby ta 1966, wadda ta daidaita gwajin ƙananan faifan takarda masu magani don gano wanda zai kashe ƙwayar cuta, an ambace ta birjik, kuma ta cancanta. Sai dai wannan yana nuna lamba shaida ce, ba alƙali ba. Malaman hadisi ma suna duba yawan maruwaita, amma ba su taɓa wadatuwa da shi ba. Sai sun bi kowane mutum sun auna gaskiyarsa da haddarsa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda ma'aunin ke juya niyya. Matashin da ya san lambar ce abincinsa zai yanka bincike ɗaya gida uku, ya guji cutar talakawa da manyan mujallu ba su damu da ita ba, ya bi abin da ake yayi.

Don haka masu zama a kwamitin ƙarin girma, ku duba lambar, sannan ku ce wa mai nema ya kawo maƙalarsa uku da ya fi yarda da su. Ku karanta su da kanku, ku tambaye shi wane gwaji ko wane magani ya canza a asibiti saboda su.