Ƙawata Gidan Sayarwa: Ina Iyakar Halal?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 'Yan'uwa Musulmi, akwai wata dabara ta dillalan gidaje: in za a sayar da gidan da ba kowa a ciki, sai a yi masa fenti, a aro kujeru da labule da darduma a jera, don ya shiga ran mai saye. To, mene ne hukuncinta?

Gyara haja da tsabtace ta halal ne. Amma in aka jingina kabad don a rufe tsagewar bango, ko aka shafe tabon yoyo aka yi shiru, wannan algus ne. Littafin Risala na Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya haramta ɓoye aibi cikin ciniki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana tara nono a hantsar taguwa ko tunkiya don a ruɗi mai saye, har ya ba shi zaɓin mayar da ita tare da sa'i guda na dabino.

Saboda haka, ya kai mai gida, faɗa wa mai saye kayan nan na aro ne, ka kuma nuna masa inda rufi ke yoyo tun damina ba ta tona asirinka ba. Kuɗin yaudara ba su da albarka. Allah Ya ciyar da mu halal, amin.