Lasin Ba Ya Halatta Caca

Ana shawartar samari cewa in za su yi caca ta intanet, su nemi kamfani mai lasin hukuma, su guji masu rajista a tsibirin Kurasawo. Lalle wanda irin waɗannan suka riƙe wa kuɗi da wuya ya sami alƙalin da zai ƙwato masa. Amma fa ko da yake Kotun Ƙoli ta ce, a 2024, ikon tsara caca na jihohi ne, hatimin jiha ba ya mai da haram halal. Aya ta 90 cikin Suratul Ma'ida ta gama caca da giya, ta yi umurnin a nisance su. Ta 91 ta faɗi dalili: gaba, ƙiyayya, da shagala ga barin salla, abin da wayar hannu ke kaiwa yau har ƙofar masallaci.