Tsakuwar da Aka Zubar

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Jos ta ratsa Bukuru ta nufi Barikin Ladi ba zai rasa ganin wasu manyan tafkuna ba, kowanne da tulin jar ƙasa a gefensa. Baƙo yakan ɗauka halitta ce, amma 'yan gari sun san ramukan kuza ne da kamfanonin Turawa suka haƙa suka tafi suka bari. Da tarihin waɗannan ramuka muke son mu auna wata tambaya mai nauyi: shin ya halatta ƙasar da asibitocinta ke kukan rashin magani ta ware dukiya don ciyar da mutanen da ba su da wani aiki sai tunani a kan lambobi?

Tambayar kuwa ba shaci-faɗi ba ce. Tun 1988 Nijeriya ta kafa Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, wadda mazauninta ke Sheda ta yankin Kwali a Abuja, kuma Farfesa James Ezeilo ne ya fara shugabantar ta. Aikinta shi ne zurfafa bincike a fannin lissafi, da kimiyyar fiziks ta zallar nazari, da kimiyyar kwamfuta, tare da horar da ɗalibai masu neman manyan digirori. Idan muka kwatanta ta da Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi da ke nan Vom tun 1924, nan take bambanci zai fito. Makiyayin da aka yi wa shanunsa allurar riga-kafi ba ya bukatar a yi masa bayanin amfanin Vom. To, in ya leƙa ɗakin masanin lissafi fa, me za a nuna masa? Allo, da alli, da kwandon takardun da aka yayyaga.

Bai kamata mu raina hujjar masu suka ba, domin tana da ƙarfi. Cewa suke yi, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Duk nairar da ta shiga ɗakin tunani, an hana ta shiga ɗakin haihuwa ne ko ajin firamaren da iska ta yaye wa rufi. Mai jin yunwa yau ba a ce masa ya yi haƙuri jikokinsa za su ƙoshi. Wanda duk bai ji zafin wannan magana ba, bai cancanci ya amsa ta ba.

Amsar farko tana cikin tulin ƙasar nan da muka ambata. A shekarun farko na haƙar kuza, masu wanki sukan tarar da wata baƙar tsakuwa mai nauyi tana cakuɗe da ita, sai su ware ta su zubar, saboda ba mai saye. Ita ce kwalambait. Da aka gano cewa ƙarfen da ke cikinta yana sa sauran ƙarafa su jure matsanancin zafin injin jirgin sama, sai kasuwarta ta tashi, har ya zama a shekarun 1950 mafi yawan kwalambait ɗin duniya daga Nijeriya yake fita, aka koma ana tone jujin da aka zubar jiya. Tsakuwar ba ta canja ba. Sanin mutane ne ya tarar da ita.

Haka tarihin lissafi yake. A 1940 Baturen Ingila G. H. Hardy ya rubuta littafi yana bugun ƙirji cewa irin lissafinsa na nazarin lambobi ba shi da wani amfani a harkar yau da kullum. Ba a cika shekara 40 ba, a 1977, sai ga wasu masana uku a Amurka sun gina hanyar kulle saƙo a kan lambobin nan da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Irin wannan kulli ne ke tsare kuɗin mai sayar da dankali a kasuwar Farin Gada idan aka tura masa ta waya. Alan Turing ma, a 1936, kwamfutar da ya fara siffantawa a takarda take, kuma ya yi ta ne don warware wata matsala ta manɗiƙi. Daɗin daɗawa, a 2012 da aka tabbatar a cibiyar CERN ta Turai da samuwar ƙwayar zarrar da Peter Higgs da wasu suka hango da alƙalami tun 1964, wayoyin maganaɗisun na'urar da irin ƙarfen tsakuwar nan aka yi su.

Sai dai a namu ganin, wannan amsa ita kaɗai ba ta wadatar ba. Gaskiya ita ce, mafi yawan abin da masana lissafi ke ganowa ba zai taɓa shiga kasuwa ba. Kuma mai suka yana iya cewa: to, a bar masu kuɗi su yi tunanin, mu kuwa mu sayi sakamakon. A nan ne ramukan ke da magana ta biyu, wadda ta fi ta farko ɗaci.

Tun kafin zuwan Turawa maƙeran Liruwe suna narka kuza. Amma da layin dogo ya iso Filato daga Zariya a 1914, ɗanyarta aka riƙa lodawa zuwa Ingila, kuma sai a farkon shekarun 1960 aka sami babbar masana'antar narka ta a Jos. Da farashi ya rushe a 1985, riba tana can, rami yana nan. Al'ummar da ta ce wasu su yi mata tunani, wannan ciniki ta sake ƙullawa, sai dai a wannan karo 'ya'yanta ne ɗanyen kayan. Yaron da Allah ya hore wa basirar lissafi a Nasarawa Gwom ko Pankshin ba zai daina tunani don mun ƙi gina masa ɗaki ba. Tafiya zai yi inda aka gina. Ba kuma yau aka fara ba. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu a kan lissafin hatimi a 1732, a Alƙahira ya rasu a 1741. Abdus Salam na Pakistan kaɗaici ne ya fitar da shi daga Lahore, shi ya sa da ya kafa cibiyar fiziks ta Trieste a Italiya a 1964 ya tsara yadda masanin ƙasa matalauciya zai je ya yi 'yan watanni ya wasa ƙwaƙwalwa, sa'an nan ya koma gida. Ya gane cewa mai tunani abokin muhawara yake bukata fiye da albashi.

Saboda haka mun tsaya a kan cewa ciyar da masu tunani ya halatta, har ma ya wajaba, amma bashi ne ba kyauta ba. Kuɗin talaka ne, don haka akwai sharuɗɗa. Na farko, kada masani ya yi wa jama'a ƙaryar cewa bincikensa zai kawo tuwo baɗi; ya faɗi gaskiya cewa iri ne ake ajiyewa. Na biyu, ya koyar, domin malamin lissafin sakandare daga hannunsa yake fitowa, injiniya da likita kuma daga hannun wancan. Na uku, ya yi wa mai biyan haraji bayanin abin da yake yi cikin harshen da yake ji.

Wannan sharaɗi na ƙarshe ya shafe mu, mu ɗalibai da malaman Hausa. Mu ma an sha tambayar mu abin da za mu ci da digirin adabi, don haka mun san ciwon. Idan har yau yaron da ke tunani da Hausa sai ya tsallaka wani harshe kafin ya ɗanɗani daɗin hujjar lissafi, to rabin laifin namu ne, domin samar da kalmomin aikinmu ne.

Manomin acca ya san yunwa sarai, amma ko bazara ta yi tsanani ba ya daka irin shuka. Ba don ya raina kukan yaransa ba ne; don ya san ba a fafe gora ranar tafiya.