Ajali da Ginshiƙin Ƙarfe

Wasan luge ba shi da birki. Mutum zai kwanta rigingine a kan wani ɗan allo mai ƙafafun ƙarfe biyu, ƙafafunsa a gaba, ya gangaro ta wani kwararon ƙanƙara mai kwana-kwana, gudunsa ya haura kilomita 130 a awa. Da ƙwauri da kafaɗa yake juya abin. Ko kai ba ya son ɗagawa don kada iska ta rage masa gudu, tunda da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ake raba na ɗaya da na biyu. A 1964, a Innsbruck, wasan ya shiga gasar Olamfik ta hunturu, Jamusawa kuma su ne gwanayensa.

Ranar 12 ga Fabrairun 2010, ana shirin buɗe gasar Vancouver, Nodar Kumaritashvili, ɗan ƙasar Jojiya mai shekara 21, yana atisaye a Whistler. A kwanar ƙarshe allon ya ƙwace masa, ya yi sama, ya bugi wani ginshiƙin ƙarfe. A ranar ya rasu.

Hukumomin wasan suka ce kuskuren yaron ne, hanya lafiyarta ƙalau. Amma kafin a fara gasa sun ƙara wa bangon wurin tsayi, sun naɗe ginshiƙan, sun sauko da wurin tashi ƙasa don a rage gudu. To, in hanya ba ta da laifi, me ya kawo gyara?

Mu nan da "kwana ne ya ƙare" za mu rufe zancen, kamar yadda muke yi in mota ta faɗa ramin da kowa ya san da shi. Na yi imani ajali ba ya jinkiri, ba ya gaggawa. Sai dai ina duban bakin da maganar ta fito. In uwar mamaci ce ta faɗa, haƙuri ne da miƙa wuya ga Allah. In wanda ya kafa ginshiƙin ne, ya mayar da imani garkuwar sakacinsa.

Sayyidina Umar ya nufi Sham, ya ji labarin annoba, ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne, Umar ya nuna masa cewa juyawar ma tana cikin abin da Allah ya ƙaddara.

Shi yaron fa, bai jefa kansa ga halaka ba? Ban ga haka ba. Ya koyi abin tun yana ƙarami a garinsu Bakuriani, ya sa hular kwano, ya bi ƙa'ida, ya amince cewa manya sun auna hanyar. Kuskure kuwa dole ne ga mai wasa, aikin magini shi ne ya yi gini da sanin haka. Da aka zo gina hanyar gasar Sochi ta 2014, an sa mata hawa a wurare uku, don kawai a karya gudun.