Tsibirin Gore da Darajar Ɗan Adam

Daga tashar jiragen ruwa ta Dakar, babban birnin Senegal, tafiyar kimanin minti 20 ce zuwa tsibirin Gore. Iyalai sukan tafi da safe su komo da yamma. Amma wanda ya shiga Gidan Bayi na tsibirin, ya tsaya a ƙofar da ke fuskantar teku, jikinsa yakan yi sanyi, gama gidan yana tunasar da mutane 'yan Afirka da aka sayar zuwa nahiyar Amurka. A 1992 Paparoma John Paul na Biyu ya ziyarci wurin, ya roƙi gafarar Allah saboda wannan zunubi.

Littafin Farawa ya nuna cewa 'yan'uwan Yusufu ne suka sayar da shi a bakin azurfa 20. Ashe cinikin mutum yakan fara daga gida. Saboda haka iyayen da suke miƙa 'ya'yansu ga baƙo domin alkawarin aiki a birni ko ƙasar waje, ba tare da bincike ba, su yi hattara. An halicci kowane yaro cikin siffar Allah, aka kuma fanshe shi da jinin Almasihu. Kuɗi ba ya sayensa.

Ubangiji ya kiyaye gidajen masu bi. Amin.