Salla Da Azumi A Ƙasar Da Rana Ke Jinkirin Faɗuwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, Alƙur'ani mai girma ya yawaita kiran masu hankali su yi tunani a kan sassaɓawar dare da rana. Wanda ke son ganin wannan aya ƙuru-ƙuru, sai ya dubi Aisilan, wani tsibiri da ke can arewacin tekun Atilantika, mai mutane kimanin 400,000.

Ƙasa ce da Allah Ya haɗa mata wuta da ƙanƙara wuri guda. Duwatsunta suna aman wuta, ga kuma ƙanƙara kwance bisa tsaunuka shekara da shekaru. A 1963 wani sabon tsibiri, Surtsey, ya ɓullo daga cikin teku, mutane suna kallo. Ruwan zafi kuwa yana ɓuɓɓugowa daga ƙasa, da shi ake ɗumama galibin gidajensu.

Amma abin da ya fi shafar Musulmi shi ne lokaci. A Rekyabik, babban birnin ƙasar, a ƙarshen watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen sha biyun dare, ta kuma fito wajen ƙarfe uku, watau yini ya kai sa'a 21. A Disamba kuwa sai al'amari ya juye, hasken rana yakan ragu zuwa kimanin sa'a 4. Akwai Musulmi a can, sun kafa ƙungiyarsu tun 1997. Azumin 2015 da na 2016 sun faɗo cikin watan Yuni. To, yaya mai azumi zai yi?

Malamai sun koma ga hadisin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim. A ciki Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin wani yini mai tsawon shekara guda. Sahabbai suka tambaya ko sallar yini ɗaya za ta wadatar, ya ce a'a, ya umurce su da su ƙaddara lokaci. A kan wannan aka gina hukuncin wuraren da rana ke yin kwanaki ba ta faɗi ba: su bi lokacin gari mafi kusa da ke da dare da rana.

Inda ake samun dare kuwa, kome gajartarsa, kamar Rekyabik, an yi saɓani. Manyan malaman Saudiyya sun ce a kame baki daga alfijir har faɗuwar rana, wanda ya ji tsoron cutuwa ya sha, ya rama daga baya. Gidan fatawa na Masar kuma ya ce idan yini ya kai sa'a 18, ya halatta a yi azumi gwargwadon sa'o'in Makka. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, saboda haka bai kamata wani ya zargi ɗan'uwansa ba.

Darasin da ke ciki shi ne, salla da azumi ba su faɗuwa daga kan baligi mai hankali don wuri ya sāke, kuma Shari'a ba ta ɗora wa rai abin da ba zai iya ba. Mai azumi a Kano ko Zinder, wanda ƙishirwarsa ba ta wuce ta sa'a 14 ko kusa da haka, lalle ne ya gode wa Allah, ya tuna da 'yan'uwansa na can cikin addu'a. Mai shirin tafiya karatu ko neman abinci irin waɗannan ƙasashe kuma, wajibi ne ya nemi sanin hukuncin tun kafin ya ɗaura kaya, gama ilmi yana gaba da aiki.

Allah Ya sa a dace, amin.