BAƘIN HUNTURU A FADAMAR KALGO

Karanta Irmiya 8:4-7.

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Kalgo da sassafe a watan Disamba, idan ya dubi fadamar gulbi, zai ga taron tsuntsaye a bakin ruwan da ya rage. Waɗansu namu ne na gida: balbela, da dinya, da kirinjijiya mai kuka kamar busa. Amma da yawa baƙi ne. Akwai ƙananan agwagin ruwa, da masu dogayen ƙafafu da su ke tsince shinkafar da ta zube bayan girbi, da tsattsewa. A Turai da Rasha aka ƙyanƙyashe su. Sun ƙetare teku da hamada kafin su sauka wurinmu.

Da daɗewa Turawa ba su san inda tsuntsayensu ke ɓuya ba, har waɗansu masanansu suka ce tsattsewa cikin laka ta ke kwana har sanyi ya wuce. A shekara ta 1822 aka harbo wata farar shamuwa a arewacin Jamus, ga mashi irin na Afirka soke a wuyanta. Da shi ta yi dukan tafiyar! Gawarta tana ajiye a jami'ar Rostock har yau. A 1899 kuma wani malamin makaranta a Danmak, Mortensen, ya fara sa wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, da haka aka bi sawunsu.

Annabi Irmiya bai ga zobe ba, amma ƙasarsa tana bisa hanyar da su ke bi tsakanin Turai da Afirka, ya kan ga wucewarsu kowace shekara. Ya ambaci shamuwa da kurciya da waɗansu biyu, ya kafa su shaidu a kan mutanen Yahuda: tsuntsu ya kiyaye lokacinsa, jama'ar Allah kuwa sun rasa sanin shari'arsa. Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa wannan. Idan shamuwarmu ta sauka bisa tsamiya a Gwandu, manomi ya kan je ya duba iri, ko da ba girgije ko ɗaya a sama.

Ga abin da ya kamata mu dube shi da kyau. Tsuntsun nan ba ya jira sai ruwa ya daskare. Yana tashi tun akwai abinci, tun yana da ƙarfi. Kafin tafiya ya kan ci ya tara kitse, har waɗansu ƙanana nauyinsu ya kusan ninka, gama a tsakiyar hamada babu guzuri sai wanda ya ɗauko. Wanda ya yi jinkiri rairayi ne makwancinsa. Mu fa? Mutum ya san ya ci iyakar gonar ɗan'uwansa a fadama, ya ce sai an gama girbi ya gyara. An yi girbi, ya ce sai ya komo daga cin rani. Shekara uku ke nan suna zama a benci ɗaya cikin majami'a, ba sa gaisuwa, kowa kuma yana miƙa hannu ga Jibin Ubangiji. Irin wannan ne annabi ya kwatanta da dokin da ya zabura cikin yaƙi, ba ya waiwaye. Tuba ba ta yin sauƙi da tsufa. Zuciya ma ta kan daskare.

Kada kuma mu ɗauka cewa fadama za ta jira mu. Bayan farin da aka yi a ƙasashen bakin hamada a 1968, masu ƙirgar tsuntsaye a Ingila sun tarar fiye da rabin wani ƙaramin tsuntsun shinge bai koma ba a 1969. Gauraka kuwa, wanda kakanninmu suka saba da kukansa, ya kusan ƙarewa a Nijeriya.

Malaman makarantar Lahadi, ku kai yara bakin fadama kafin ƙarshen Fabrairu, tun baƙin ba su fara komawa ba, ku karanta musu ayoyin nan a can. Ku ce su bar danƙo a gida. Wanda ke da magana tsakaninsa da ɗan'uwa, shi ma ya biyo, ya kira ɗan'uwan su tafi tare.